Mai Haɗa Kiɗa da Makomar Harshe: Tarihin Hammer da Darasinsa ga Mawaƙan Tamale

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, kalmar makaɗi takan haɗa mai kiɗa da mai waƙa, shi ya sa ake cewa Makaɗa Narambaɗa ko Makaɗa Ɗanƙwairo alhali su ne ke rera waƙar. Waƙar zamani ta raba waɗannan ayyuka biyu. A yau akwai mawaƙi wanda jama'a ke gani a dandali, akwai kuma mutumin da ke zaune a situdiyo gaban fiyano da kwamfuta. Shi ne ke tsara gudun kiɗan, ya jera sautin ganguna, ya ɗora karin da waƙar za ta hau, ya ɗauki muryar mawaƙin, sannan ya daidaita komai ya zama abu guda. Wasu na kiransa furodusa, amma da yake a harkar fim wannan kalma ta fi nufin mai zuba jari, a nan za a kira shi mai haɗa kiɗa.

Wannan rubutu zai bibiyi tarihin ɗaya daga cikin fitattun masu wannan sana'a a ƙasar Gana, Edward Nana Poku Osei, wanda aka fi sani da Hammer. Manufar ita ce a nuna cewa mai haɗa kiɗa yana da babban hannu wajen zaɓen harshen da zai samu shiga kasuwar waƙa, sannan a duba yadda wannan al'amari ya kasance ga Tamale da unguwanninta irin su Zogbeli da Sabonjida da Zangon Hausawa, inda Dagwambanci da Hausa ke zaune kafaɗa da kafaɗa.

2.0 Yanayin da ya haifar da sana'ar

A shekarun 1950, kiɗan hailaif na manyan ƙungiyoyi shi ke tashe a Gana, kuma E.T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos su ne kan gaba. Irin wannan kiɗa yana buƙatar mutane da yawa, da kayan busa da na kaɗawa masu tsada, da kuma gidajen rawa da za su biya su. Taɓarɓarewar tattalin arziki a ƙarshen shekarun 1970 ta raunana wannan tsari. Bayan juyin mulkin Jerry Rawlings na 31 ga Disamba, 1981, an kafa dokar hana fitar dare wadda ta kai har 1984, ga kuma haraji mai nauyi a kan kayan kiɗan da ake shigowa da su. Makaɗa da dama suka yi ƙaura zuwa Nijeriya da Ingila da Jamus. Waɗanda suka sauka Jamus su ne suka ƙirƙiro sabon hailaif mai amfani da fiyano da na'urar buga ganga, wanda George Darko ya shahara da shi. Daga nan aka gane cewa mutum ɗaya da na'ura zai iya yin aikin da a da sai an tara mutum goma.

Sai kuma tsarin mulkin 1992 ya buɗe ƙofar gidajen rediyo masu zaman kansu, aka buɗe Joy FM a Akra a 1995. Sababbin tashoshi suna neman waƙoƙin da matasa ke so. A daidai wannan lokaci Reggie Rockstone ya dawo gida a 1994, ya fara rera gambarar zamani da harshen Twi na Tonawa, wato Asante, tare da mai haɗa masa kiɗa Rab Bakari. Kundinsa Makaa Maka ya fito a 1997, aka kuma kira sabon salon da suna hiplaif, wato gamin gambizar hip hop da hailaif.

3.0 Fitowar Hammer

Hammer ya yi karatu a makarantar sakandaren maza ta Presbyterian da ke Legon. Ya fara haɗa kiɗa tare da wani abokinsa da ake kira Way Deep, suka sanya wa kansu suna The Last Two, wato biyun ƙarshe. Aikin da ya fito da su shi ne kundin Pae Mu Ka na Obrafour a 1999, wanda ma'anar sunansa ita ce fito fili ka faɗa. Har yau ana lissafa wannan kundi cikin mafi muhimmanci a tarihin hiplaif.

Dalilin karɓuwarsa yana da alaƙa da yadda kiɗan ya dace da harshen. Obrafour mawaƙi ne mai zurfin Twi, mai yawan karin magana da zancen fada. Hammer ya ba shi kiɗa mai nauyin ganga da amon ƙahonni, irin wanda ke tuna wa mai sauraro tafiyar sarki, ya kuma bar sarari tsakanin bugu da bugu domin kalmomi su fito tar. Twi harshe ne mai karin sauti kamar Hausa, idan kiɗa ya tilasta wa mawaƙi ɗaga murya a inda kalma ke son saukarwa, ma'ana na iya gurɓata. Mai haɗa kiɗan da ya san haka yakan gina kiɗan a kan tafiyar harshen.

Bayan wannan kundi, abokin nasa ya koma Amurka, Hammer ya ci gaba shi kaɗai amma bai sauya sunan ba, shi ya sa ake ce masa Hammer na The Last Two.

4.0 Buɗe ƙofa ga sauran harsuna

A farkon shekarun 2000, masu zuba jari a harkar waƙa sun ɗauka cewa Twi kaɗai ke sayar da kaset, domin shi ne harshen da ya fi yawan masu ji a kudancin ƙasar. Ƙungiyar Buk Bak ta riga ta gwada waƙa da harshen Ga na mutanen Akra, amma Hammer ne ya mayar da neman mawaƙan wasu harsuna wani ginshiƙi na sana'arsa. Ya haɗa wa Tinny kundin Makola Kwakwe da harshen Ga. Ya raini Kwaw Kese na garin Agona Swedru mai waƙa da Fante, wanda ya lashe kyautar gwarzon mawaƙin shekara a bikin karrama mawaƙan Gana na 2008. A 2009 kuma ya fitar da kundin The Volta Regime na Edem da harshen Ewe, wanda a cikinsa aka ji muryar wani matashi daga Tema mai suna Sarkodie, kafin ya zama tauraron da aka sani a yau.

Dabararsa ita ce tara matasa da yawa a kundi guda, kowa ya samu waƙa ko baiti, kamar yadda ya yi a Execution Diary da Sounds of Our Time. Ta haka mai saye zai biya kuɗi domin sunan da ya sani, ya kuma ci karo da sunan da bai sani ba. Masu gabatar da shiri a rediyo kuwa sukan sanya waƙar ne saboda sun amince da kiɗan Hammer, ko da ba su jin harshen da aka rera ta. Ke nan sunan mai haɗa kiɗa ya zama tamkar takardar shaida ga harshen da kasuwa ba ta yarda da shi ba tukuna.

5.0 Ina Arewa a cikin wannan tarihi?

Duk harsunan da aka ambata na kudu ne. Tamale tana da nisan kimanin kilomita 600 daga Akra, kuma ba ta rasa gadon kiɗa ba. Masarautar Dagbon tana da lunsi, makaɗan gangar lunga mai kama da kalangu, waɗanda su ne ma'ajiyar tarihin sarakuna da salsalar gidaje, suna kuma danganta asalin sana'arsu ga Bizung, ɗan Naa Nyagsi. Akwai masu gonje, wanda shi ne gogen Bahaushe. A shekarun 1930 kuma matasan Dagbon suka ƙirƙiro kiɗan simpa, wanda dattawan lokacin ba su yi maraba da shi ba. Hausa ma tsohuwar baƙuwa ce a yankin, domin fatake sun daɗe suna bin hanyar goro daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa su zuwa garuruwa daban-daban, kuma bayan Turawan Ingila sun mayar da Tamale hedikwatar Yankunan Arewa a 1907, zango ya kafu a can.

Duk da haka, shigar waɗannan harsuna kasuwar ƙasa ta yi jinkiri, kuma misalai biyu sun nuna dalili. Ƙungiyar VIP ta fito daga Nima, babban zangon Akra, tana kuma sanya Hausa a waƙoƙinta, amma waƙar da ta ba ta manyan kyaututtuka a 2004, Ahomka Womu, sunanta ma na Twi ne. Shi kuma King Ayisoba, mai kaɗa kologo daga yankin Bongo, ya lashe kyautar waƙar da ta fi farin jini a 2007 bayan da Panji Anoff ya haɗa masa kundin Modern Ghanaians a Akra. A duka biyun, sai da muryar Arewa ko ta zango ta bi ta situdiyon kudu kafin ƙasa ta saurare ta.

6.0 Tamale ta gina nata

Abin da ya sauya lamarin shi ne arhar kayan aiki. Da kwamfuta da manhaja irin FL Studio ko Cubase, da makirufo guda da ɗaki mai labule, matashi zai iya buɗe situdiyo. Kwatankwacin haka ya faru a Kano tun shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya zama tushen kiɗan finafinan Hausa. A Tamale, gidajen rediyo irin su Radio Savannah da Diamond FM da Radio Justice da Zaa Radio sun ba waƙoƙin gida fili, bukukuwan aure da na suna suka zama kasuwarsu, wayar hannu da katin ajiya suka yaɗa su ƙauye-ƙauye. Masu haɗa kiɗa irin su Blue Beatz da Dr Fiza da Stone B suka yi wa mawaƙan garin aikin da Hammer ya yi wa na kudu, wato gina kiɗan da Dagwambanci zai zauna a kai ba tare da ya karkace ba.

Sakamakon ya bayyana daga wajen 2016, lokacin da Fancy Gadam, wato Mujahid Ahmed Bello, da Maccasio suka fara tara dubban jama'a a filin wasa na Tamale, wanda aka gina domin gasar cin kofin Afirka ta 2008, aka kuma sanya masa sunan Aliu Mahama daga baya. Ganin wannan taro ya sa Akra ta waiwayo. Fancy Gadam ya lashe kyautar sabon mawaƙin shekara a 2017, sannan a 2018 waƙarsa Total Cheat ta zama waƙar shekara. Sai dai ya kamata a lura cewa waƙar da ta ci wannan kyauta an yi ta ne tare da Sarkodie, kuma Killbeatz na Tema ne ya haɗa kiɗanta. Jama'ar da suka ɗaga mawaƙin na Tamale ne, kiɗan da ya tara su a farko ma na Tamale ne, amma lambar yabo mafi girma ta zo da sunan mai haɗa kiɗa na kudu.

7.0 Batun haƙƙi

Ƙarshen tarihin Hammer yana ɗauke da gargaɗi. Mutumin da ya fito da taurari masu yawa ya janye daga situdiyo na wani lokaci, ya shiga harkar rarraba burodin A1. Neman halali ba abin kunya ba ne, amma abin yana nuna yadda sana'ar take. Mai haɗa kiɗa galibi ana biyansa sau ɗaya ne ranar aiki, mawaƙi kuma ya ci gaba da karɓar kuɗin wasa shekara da shekaru, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gana tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2005, an kuma kafa ƙungiyar GHAMRO a 2011 domin karɓar wa masu waƙa da kiɗa ladansu, sai dai mawaƙa sun daɗe suna kukan ƙarancin abin da ke isa hannunsu.

Wani lamari ya ƙara fito da matsalar fili. A 2022 mawaƙin Kanada, Drake, ya fitar da waƙar Calling My Name, wadda ta ƙunshi ɗan tsakure daga sabon zubin Oye Ohene na Obrafour, wanda Hammer ya haɗa kiɗansa a 2003. A watan Afrilun 2023 Obrafour ya shigar da ƙara a New York yana neman diyyar dala miliyan 10. Nan take Mantse Aryeequaye ya fito ya ce muryar da aka tsakuro tasa ce. Sautin 'yan daƙiƙu da aka ɗauka a situdiyo shekara 20 kafin wannan ƙara ya zama dukiyar da aka yi jayayya a kan mamallakinta.

8.0 Kammalawa

Tarihin Hammer ya nuna cewa harshe yakan shiga kasuwar waƙa idan ya samu mai haɗa kiɗan da ya fahimci tafiyarsa, ya kuma yarda ya jingina sunansa da shi. Ga da Fante da Ewe sun ci gajiyar hakan a Akra, Dagwambanci ya samar wa kansa a Tamale. Hausar zango kuwa, duk da yawan masu jinta daga Nima zuwa Kumashi da Tamale, da babbar kasuwar da ke jiranta a Nijeriya da Nijar, har yanzu ta fi fitowa a matsayin baiti ɗaya ko amshi a cikin waƙar wani harshe.

Abu biyu ne suka rage ga matashin da ke haɗa kiɗa a ɗakinsa a Zogbeli ko Aboabo, da ɗalibin da ke nazarin aikinsa. Na farko, a rubuta yarjejeniya tun ranar ɗaukar waƙa, a fayyace wanda ya yi kiɗa da wanda ya rubuta baiti da kason kowa. Na biyu, masu nazari su riƙa adana sunan mai haɗa kiɗa da shekara da situdiyo tare da kowace waƙar da suka rubuta a kai, kamar yadda ake ambaton 'yan amshi da makaɗan Shata ko Ɗanƙwairo a nazarin waƙar baka. Lunsi sun riƙe sunayen sarakunan Dagbon na ɗaruruwan shekaru da ka, kuma masu alƙalami na yau suna da kayan aikin da ya fi nasu sauƙi.