Gadar Third Mainland da Tarihin Gyaranta

Gadar Third Mainland ta Legas, mai tsawon kilomita 11.8, Janar Ibrahim Babangida ne ya buɗe ta a 1990. Ɗaya daga cikin wuraren rauninta shi ne mahaɗan ƙarfe da ke tsakanin sassanta, waɗanda ke ba kankare damar miƙewa lokacin zafi da tsukewa lokacin sanyi. Nauyin motoci dare da rana yana cinye su, har direbobi suka riƙa kukan cewa gadar tana girgiza.

A Agustan 2018 aka rufe ta kwana uku domin injiniyoyi su bincike ta, matakin da ya kamata a riƙa ɗauka tun kafin ɓarna ta bayyana. Babban gyara ya biyo baya daga Yulin 2020 zuwa Fabrairun 2021, aka sauya mahaɗan da suka lalace. A 2024 aka sabunta kwaltarta.