AC ko DC: Wace irin lantarki ce ta dace da jirgin ƙasa?

Duk ƙasar da ta ƙudurci sanya wa layin dogonta lantarki, sai ta zaɓi ɗaya daga cikin tsari biyu: wuta mai gudana ta fuska ɗaya, wadda injiniyoyi ke kira DC, ko mai sauya alƙibla sau da dama a cikin daƙiƙa guda, wato AC. Abin da ke yanke hukunci galibi shi ne tsawon hanya.

Tsarin DC yana aiki da ƙarfin bolt 600 zuwa 3,000. Da yake ƙarfin bai kai sosai ba, wuta tana zurarewa a cikin waya, dole a kafa tashar rarraba wuta duk bayan 'yan kilomitoci. Amfaninsa shi ne jirgin ba ya ɗaukar taransifoma mai nauyi, kuma ana iya ba shi wuta ta ƙarfe na uku da aka shimfiɗa a gefen dogo. Wannan ya sa ya dace da jiragen cikin birni. Layin Blue Line na Legas, da ya fara jigila a 2023, yana amfani da bolt 750 ta wannan hanya.

Tsarin AC kuwa yakan kai bolt 25,000. Waya siririya ta wadatar, kuma tazarar tashoshi kan kai gomman kilomitoci. Sai dai kowane jirgi yana buƙatar taransifoma, gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa kuma sai an ba su ƙarin sarari saboda haɗarin wutar. Layin Addis Ababa zuwa Jibuti, mai tsawon fiye da kilomita 700, da wannan tsari aka gina shi.

Sauya ra'ayi daga baya yana da tsada. Birnin Mumbai na Indiya ya fara da DC mai bolt 1,500 a 1925, kuma sai a 2016 aka kammala mayar da layukansa zuwa AC. A Maroko, jirgin Al Boraq yana gudu da AC daga Tanja zuwa Kenitra, sannan ya koma DC mai bolt 3,000 har Kasabalanka, don haka aka ƙera shi ya iya ɗaukar duka biyun.

Jiragen Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Ibadan da man dizal suke tafiya. Ranar da aka tashi sanya musu lantarki, tsawonsu ya fi karkata ga AC, amma kowane tsari aka ɗauka, sai da tsayayyiyar wuta zai yi aiki.