Mushe da darasin waƙa: daga Ponty zuwa taken ƙasa na 2023

Duk wanda ya zauna bencin firamare a ƙasar nan ya san wannan ɗan lokaci na kusan tashi, da mushe zai ajiye alli ya ce a miƙe a yi waƙa. A jadawali sunansa "chant", kusa da "récitation". Yau muna so mu duba inda shi kansa mushen ya koyi abin da yake koyarwa.

Abin ya samo asali tun zamanin mulkin mallaka. Malaman lakwal na farko da suka yi zurfi, irin su Boubou Hama da Diori Hamani, a makarantar William Ponty ta Senegal aka horar da su. Faransa malami guda take so wanda zai riƙe komi a aji: lissafi, karatu, wasan motsa jiki, har da waƙa. Ita waƙar kuwa ba don kiɗa aka sa ta ba. Hanya ce ta cusa Faransanci a bakin yaro, ya saba da furuci, ya kuma saba da tsayuwa a layi. Haka muka gaje ta bayan 1960. Taken ƙasarmu na farko ma, La Nigérienne na 1961, Faransawa suka rubuta shi suka sa masa kiɗa, malaman firamare ne suka kai shi kowane ƙauye da bakinsu.

Da makarantun horon malamai suka yawaita, a Damagaram, Dosso, Tawa, Maraɗi da Tilaberi, tsarin bai sake ba sosai. Ɗalibi-malami yakan tafi istaj a wata firamare, ya zauna bayan aji yana kallon tsohon malami, sannan wata rana a ce masa yau kai ne. Dabarar da ake ba shi ta kunne ce: ka rera waƙar duka sau ɗaya ko biyu, ka bayyana kalmomin, ka yanka ta layi-layi, aji ya maimaita, sahu ya maimaita, yaro ɗaya ya maimaita. A takarda abu mai sauƙi. A gaban yara sittin ko fiye, nan ake gane cewa babu wanda ya nuna masa yadda ake ɗauko murya. Namiji babba ya kama waƙa a ƙasa, inda maƙogwaronsa ke jin daɗi, yara su kasa sauka, sai su koma ihu. In ya ɗauko ta sama, a tsakiya kowa ya maƙale. Shi ya sa da yawa cikinsu suka fi son a juya lokacin zuwa haddar "récitation", ba wanda zai yi musu dariya.

Abin mamaki, masana kiɗa suna nan bayan katangar lakwal: masu kalangu, masu gurmi, masu goge, zabiyoyi. Sai dai a ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma ana haɗa ta da roƙo. Wane uba ne ya kai ɗansa lakwal don ya dawo maroƙi? Mushe kuma, da ake gani babban mutum a gari, ba ya zuwa ya durƙusa gaban makaɗi neman sani. A ganinmu wannan katanga ta fi rashin kayan aiki illa.

An ɗan tsaga ta sau biyu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, waƙar gida ta samu ƙofar shiga aji. Sannan zamanin Seyni Kountché, da Samariya da bikin matasa na ƙasa, malaman makaranta da dama suka zama masu tsara waƙa da wasan kwaikwayo na garuruwansu. A dandalin Samariya suka koyi abin da ekol normal ba ta ba su ba. Gasar Dan Gourmou ta zo a 1987, cibiyar horon kiɗa ta CFPM mai sunan El Hadj Taya ta biyo baya a Yamai a ƙarshen shekarun 1980. Cibiyar ta yi aiki, ƙungiyar Mamar Kassey ma can ta haɗu. Amma mawaƙa ta fi fitarwa, ba malaman firamare ba, kuma Yamai da nisa ga wanda aka tura wani ƙauye na Dakwaro ko Tanut.

Mutum guda da ya kamata a riƙa ba ɗalibai-malamai labarinsa shi ne marigayi Malam Maman Barka, ɗan Tesker. Malamin makaranta ne kafin gurminsa ya sa a san shi a Nijar da Najeriya. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi tafkin Chadi ya zauna gaban Boukar Tar, tsohon da ya rage cikin masu kaɗa biram, wannan kayan kiɗa mai tsirkiya 5 na Buduma mai siffar kwalekwale. Mai suna, mai shekaru sama da 40, ya koma ɗalibi. Ya rasu a 2018.

Tun ƙarshen shekarun 1990 da aka shiga ɗaukar ƴan kwantaragi, wasu har ba su ratsa ekol normal ba, darasin waƙa ya ƙara zama na wanda ya ga dama. Sai ga shi a watan Yunin 2023 an sake taken ƙasa, L'Honneur de la Patrie ya maye gurbin tsohon. A wannan karon tsohon malami da ɗan istaj duk ɗaya suke, babu wanda ya haddace shi yana yaro. Daga salula da rediyo akasari suka ɗauka, kowa da kunnensa, shi ya sa in ka bi ta lakwal biyu da safe lokacin ɗaga tuta, sai ka ji kamar take biyu ake rerawa. Malamai da ke bin wannan shafi, musamman masu istaj bana, ku gaya mana wa ya koya muku shi, kuma a wane aji kuka fara gwadawa.