Sarautar Karɓa-Karɓa a Ƙasar Maleshiya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san sarki ba ya barin gado sai da mutuwa ko murabus. To, amma can gabas mai nisa, a Maleshiya, akwai sarkin da ake naɗawa da wa'adi. In ya cika shekara biyar sai ya tattara nasa ya nasa ya koma jiharsa, wani ya hau. Sunan sarautar Yang di-Pertuan Agong, watau babban sarkin ƙasa. Jihohin tarayyar 13 ne, tara daga cikinsu na da sarakunan gargajiya, kuma su taran nan ne ke zama su zaɓi ɗayansu da ƙuri'ar asiri, bisa wani jeri da aka shirya tun farko. Sai mutum ya sami ƙuri'a biyar zai hau.

Mu da muka san tarihin En'e, farkon labarin ba zai zama mana baƙo ba. A 1874 rigimar gado da faɗan masu haƙar kuza suka dagula jihar Perak, Turawan Ingila suka sami ƙofar shiga. A yarjejeniyar Pangkor, Sarki Abdullahi ya yarda a ajiye masa Razdan, wanda tilas a nemi shawararsa a kuma bi ta a kan kome, in ban da addini da al'adun Malayawa. Razdan na farko, Birch, bai yi ƙarko ba, a 1875 aka kashe shi. Duk da haka tsarin ya bazu, har zuwa 1914 babu sarkin da ba shi da Bature a gefensa. Kai, har ma'aikatan ma wasu ɗaya ne da namu. Sir Hugh Clifford, Gwamnan Nijeriya daga 1919 zuwa 1925, a can ya fara aiki yana saurayi, can kuma ya ƙare.

Sai dai akwai bambanci babba. A nan Arewa Turawa sun bar wa sarakuna alƙalai da 'yan doka da gidan yari da karɓar haraji. A can kuwa, musamman a jihohi huɗu da aka fara haɗawa, Razdan ne ya riƙe aikin mulki, aka bar sarki da albashi da addini da girma. A lokacin, wanda ya duba zai ce namu ne suka fi sa'a.

Shekarar da ta juya kome ita ce 1946. Bayan an kori Japan, Ingila ta shirya narkar da jihohin su zama ƙasa ɗaya ƙarƙashin Gwamna, sarauta ta koma hannun Sarkin Ingila, a kuma buɗe wa Sinawa da Indiyawa ƙofar zama 'yan ƙasa. Aka aiko Sir Harold MacMichael ya bi sarakuna ɗai-ɗai, cikin 'yan makonni ya karɓi sa hannunsu duka. Sarakuna sun sallama, talakawa suka ƙi. Malayawa suka fito zanga-zanga, suka ɗaura farin ƙyalle a hulunansu alamar makoki, suka kafa jam'iyyar UMNO ƙarƙashin Dato Onn Jaafar. Ganin haka sarakunan suka ƙi halartar naɗin Gwamna. A 1948 Turawa suka janye, aka kafa Tarayyar Malaya, kowane sarki da gadonsa.

A ganina ba son sarki kaɗai ya fito da mutanen nan ba. Tsoro ne. Sun ga baƙi sun kusa kai su yawa, kasuwanci kuma ba a hannunsu yake ba, sai suka ɗauki sarki a matsayin shaidar cewa ƙasar tasu ce. Saboda haka da aka zo rubuta tsarin mulki, wanda hukumar Lord Reid ta tsara, babu mai ƙarfin halin cewa a ajiye sarakuna gefe. Abin tambaya shi ne, wa zai zama babba cikin tara? Aka raba gardama da karɓa-karɓa. Ran 31 ga Agusta, 1957 ƙasar ta sami mulkin kai, sarkin Negeri Sembilan ya fara hawa, Tunku Abdul Rahman, shi ma ɗan sarkin Kedah, ya zama Firayim Minista. A 1963 Sabah da Sarawak da Singafo suka shigo aka koma Maleshiya, Singafo ta fice a 1965.

A takarda, babban sarki da shawarar ministoci yake aiki. Mulki na hannun wanda ke da rinjaye a majalisar wakilai mai kujeru 222, ga majalisar dattawa a samanta, kowace jiha kuma da tata majalisa da babban ministanta. Jihohin ba su da ƙarfi sosai, abin da ya rage musu shi ne filaye da al'amuran Musulunci da 'yan wasu abubuwa. Amma an bar wa sarki 'yan wurare da zai yi gaban kansa: naɗa wanda yake ganin majalisa za ta bi, da ƙin yarda a rushe majalisa. Bayan tarzomar ƙabilanci ta 13 ga Mayu, 1969, aka ƙara musu katanga a 1971, ya zama ba a taɓa matsayinsu sai da yardar Majalisar Sarakuna.

Katangar ba ta hana Mahathir Mohamad tsallakawa ba. Shi ba ɗan sarauta ba ne, kuma yana da rinjaye fiye da biyu cikin uku. A 1983 ya ja daga da su kan sa hannu a dokoki. A 1993, bayan an zargi Sarki Iskandar na Johor da dukan wani mai horar da 'yan wasa, ya sa aka cire musu rigar kariya, aka kafa kotu ta musamman da za ta iya yi musu shari'a. A 1994 aka ƙarasa: doka in ta kwana talatin a gaban sarki, ta zama doka, ko ya sa hannu ko bai sa ba. Mutane da yawa suka ce shi ke nan, sarauta ta zama ado.

Ashe ƙarfin sarki na ɓoye ne cikin raunin jam'iyyu. A 2018 UMNO da ƙawayenta suka faɗi zaɓe karo na farko. Da Mahathir, wanda ya dawo mulki ta ɓangaren hamayya, ya yi murabus a 2020, Sarki Abdullah na Pahang ya kira 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wanda suke goyon baya, kafin ya naɗa Muhyiddin Yassin. A watan Oktoban shekarar ya ƙi amincewa da dokar ta-ɓaci da gwamnati ta nema. Da zaɓen 2022 ya ƙare babu mai rinjaye, shi ne ya matsa a yi gwamnatin haɗin kai, ya naɗa Anwar Ibrahim.

Namu sarakunan kuwa, da suka riƙe kotu da 'yan doka, an karɓe waɗannan a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe sauran, tsarin mulkin 1999 kuma bai ba su wani aiki ba. A can, ran 31 ga Janairu, 2024, layi ya sake zuwa kan Johor, Sarki Ibrahim ya hau, shi ne na 17, ɗan wancan Iskandar da aka cire rigar kariya saboda shi.