Shekarun da Saudiyya Ta Rufe Ƙofa ga Baƙin Allah

A ranar 27 ga Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da shigar baƙi masu zuwa Umara, tun kafin a samu mai korona a ƙasar. Bayan kwana huɗu cutar ta ɓulla a jikin ɗan ƙasa da ya dawo daga Iran. Rufe ƙofar bai hana ta shiga ba, amma ya rage haɗarin ta bi alhazai zuwa garuruwansu, kamar yadda kwalara ta bi su daga Makka zuwa Masar a 1865. Hajjin 2020 da na 2021 mazauna Saudiyya kaɗai suka yi. Da aka buɗe wa baƙi a 2022, waɗanda suka haura shekara 65 an bar su a gida.