Malam Aminu Kano: Daga Shugabancin Makaranta Zuwa Hidimar Talakawa

Ya ku 'yan makaranta, musamman na ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, yau muna so mu ba ku tarihin wani malami, don ku auna da kanku abin da ilmi ya ke bukata ga mai shi. Sau da yawa in an tambayi yaro dalilin da ya sa ya ke karatu, sai ya ce don ya sami aiki da albashi. Wannan ba laifi ba ne. Amma akwai waɗanda suka sami aikin, suka sami girman, sa'an nan suka ga bashin jama'a da ke kansu ya fi albashin nauyi. Malam Aminu Kano yana cikinsu.

An haife shi a birnin Kano, a unguwar Sudawa, cikin shekarar 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne masanin shari'a, saboda haka tun yana ƙarami ya fara da allo a gida kafin ya ga boko. Daga nan ya shiga Elementare ta Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, watau wadda a ke kira Kwalejin Rumfa yanzu. Da ya gama aka ɗauke shi Kwalejin Kaduna, wadda a da ta ke Katsina, ita ce kuwa Barewa ta Zariya a yau. A zamanin nan babu makarantar da ta fi ta a duk Arewa, wanda ya fito daga cikinta kuwa aikin En'e ko na Gwamnati yana jiransa. Shi sai ya zaɓi alli.

A 1942 aka tura shi koyarwa Midil ta Bauci. Can ya tarad da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya shugabanci makarantar, ya kuma ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur. Malam Aminu bai tsaya ga darasin aji kaɗai ba. Ya kan shirya wa yara wasan kwaikwayo, don su ga halin zaman duniya da idonsu, su koyi magana a gaban mutane ba tare da rawar murya ba. In an tashi daga makaranta kuma, shi da abokansa su kan taru su tattauna al'amuran gari, har a 1943 suka kafa ƙungiyar kyautata zaman jama'ar Bauci. A lokacin nan ba ƙaramin abu ba ne ma'aikaci ya buɗe baki ya tambayi dalilin abin da hukuma ta yi.

A 1946 aka aika da shi Ingila, ya yi karatun aikin malanta a Jami'ar Landan. Abin da ya fi tsaya masa a rai can shi ne yadda malaman makaranta su ke da ƙungiya mai tsaya musu. Da ya komo gida sai ya tsaya tsayin daka har aka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, ya zama sakatarenta. Dalilinsa a fili ya ke: malamin da ba a biya shi daidai ba, ba a kuwa ganin mutuncinsa, ba zai iya koya wa yaro mutunta kansa ba.

Bayan wannan aka ba shi shugabancin makarantar horon malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato na wancan zamani. To, ku lura da nauyin wannan aiki. Malamin aji yana koya wa yaran gabansa ne kurum, amma mai horon malamai, ko wane ɗalibi ya yaye, shi ma aji guda zai je ya riƙe shekara da shekaru. Ga shi saurayi, bai cika shekara 30 ba, hanyar girma ta buɗe masa sarai. Duk da haka a 1950 ya ajiye aikin, domin ma'aikacin Gwamnati ba shi da sakewar faɗin abin da ya gani na zaluncin da a ke yi wa talakawa. A shekarar nan aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, ran 8 ga Agusta, a 1953 kuwa ya zama shugabanta.

Hanyar ba ta yi sauƙi ba. Mabiyansa da yawa sun sha ɗauri da bulala, shi kansa ya faɗi zaɓe kafin ya ci kujerar Majalisar Wakilai a 1959. Daga 1967 zuwa 1974 ya yi kwamishinan Tarayya, da fari na sadarwa, daga baya na lafiya. Ya daɗe yana kira a ilmantar da mata, a kuma ba su ikon jefa ƙuri'a, tun ana ganin maganar kamar wauta, har ya ga matan Arewa sun yi zaɓe a 1979.

Kada ku ce wannan labarin birni ne. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, ruwanta ya bi magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, iyayenku suka sami noman rani na shinkafa da alkama da tumatir. Amma amfanin gona ba ya zama arziki sai an bar wa manomi abin da ya noma. A 1979 jam'iyyar Malam, watau PRP, ta ci Jihar Kano, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Ko da ya ke daga baya saɓani ya shiga tsakanin Malam da Gwamnan, wannan sauƙi ya riga ya isa ko wane ƙauye.

Malam ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983. Bai bar dukiya ba. Gidansa na Gwammaja, wanda a ke kira Mambayya, yanzu wurin nazari ne a hannun Jami'ar Bayero, filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa kuma suna ɗauke da sunansa.

To, mu abin da muka gani cikin tarihin nan shi ne, mutumin bai taɓa barin malanta ba, aji kawai ya sake. Cikinku akwai waɗanda za su riƙe makarantu nan gaba. In ranar ta zo, ku tuna makaranta ta mutanen gari ce, shugabanta kuwa amana aka ba shi. Allah ya jiƙan Malam, ya sa mu yi koyi da kyawawan halayensa, amin.