Nazari kan Ƙarar da Wufa Ke Yi Idan Ta Samu Matsala

Wufa ita ce sifikar da aka keɓe wa sauti mai kauri, wanda kaɗawarsa ke tsakanin sau 20 zuwa kusan 200 a daƙiƙa. Idan ta fara gurnani ko kwaramniya, wasu sukan garzaya sayen sabuwa, alhali ƙarar da kanta tana nuna inda ciwon yake. Abin da za a fara tantancewa shi ne: ƙarar tana nan ko ba a sa kiɗa ba, ko kuwa sai ganga ta buga take fitowa?

Gurnanin da ba ya yankewa daga ɓangaren lantarki yake. Wutar gida a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60, wato daidai zangon da wufa ta fi iya fitarwa. Sai a zare wayar da ke kawo sauti, a bar ta wuta kawai. In gurnanin ya ɗauke, wufar lafiyarta ƙalau. Ko dai wayar ce ta lalace, ko kuma an jona wufar da na'urar da ke turo mata sauti a soket daban-daban, ɗan bambancin da ke tsakanin layukansu na ƙasa ya biyo ta wayar sauti. In bai ɗauke ba, a duba manyan kafasitocin amfilifaya masu tace wuta. Idan suka tsufa kansu yakan kumbura, gurnanin kuma ya zama sau 100 a daƙiƙa, muryarsa ta fi ta farko siranta. Suna riƙe caji bayan an kashe wuta, don haka buɗe wurin aikin mai gyara ne.

Ƙarar da ke bin kiɗa kuwa daga jikin sifikar take. A kashe ta, a ɗora yatsu kewaye da tsakiyar takardar da ke fuskarta, a danna a hankali. In an ji kurji kamar akwai yashi a ciki, koyil, wato naɗin wayar da ke motsa takardar, ya sha zafi ya karkace, yana gogar bakin maganaɗisu. In takardar ta shiga ta fito sumul, a haska robar gefe ko ta yage, a ɗaure sukurorin akwati. Mita tana ƙara haske: sifika mai om 4 takan nuna 3 da ɗoriya, in kuma ba ta nuna komai ba, koyil ya tsinke.

Galibi ƙure murya ke ƙona koyil, domin amfilifayar da aka matsa fiye da ƙarfinta gurɓataccen sauti take turawa, zafi ya taru. Wanda ya sauya sifika bai rage wannan matsi ba, sabuwar ma haka za ta ƙone.